Cin Abincin Dare Tare da Iyali: Abin da Bincike Ya Gano da Inda Aka Yi Masa Ƙari

Tun wajen shekarun 1990 likitocin yara da masana halayyar ɗan Adam suke ta komawa kan wata tambaya da a ido ba ta kai a tsaya mata ba: shin akwai bambanci tsakanin yaron da yake zama da iyayensa su ci abincin dare a lokaci guda, da yaron da yake ɗaukar nasa ya shige ɗaki, ko ya ci a tsaitsaye, ko ya ci idonsa yana kan waya? Amsar da ake ta samu ita ce akwai bambanci, kuma ana ganinsa a jikin yaron, a bakinsa, da kuma a halinsa. Inda ra'ayi ya rabu shi ne wajen gano musabbabin bambancin, domin wani zai ce zaman ne yake gyara yaron, wani kuma ya ce ai gidan da ya riga ya gyaru ne yake iya zaman. Wannan gardama ta shafi duk mai iyali, saboda amsarta ce za ta nuna masa inda ya kamata ya zuba ƙarfinsa, kuma ita ce za ta hana shi ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba.

Ɓangaren da hujja ta fi yawa a kansa shi ne na abin da yake shiga cikin yaron. A shekarar 2000 Matthew Gillman da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon nazarin yara fiye da 16,000 masu shekara 9 zuwa 14 a Amurka, inda suka ga cewa waɗanda suke cin abincin dare da iyalinsu kullum sun fi cin 'ya'yan itatuwa da kayan lambu, kuma ba su kai sauran shan lemon kwalba da cin soye-soye ba. A 2011 kuma Amber Hammons da Barbara Fiese na Jami'ar Illinois suka tattara bincike 17 da suka shafi yara da matasa 182,836, suka buga abin da suka samu a mujallar Pediatrics. Lissafinsu ya nuna cewa yaran da suke cin abinci tare da iyalinsu aƙalla sau 3 a mako, yiwuwar su yi ƙiba fiye da kima tana raguwa da kashi 12 cikin ɗari, yiwuwar su riƙa cin abinci mai gina jiki tana ƙaruwa da kashi 24, sannan yiwuwar su faɗa cikin gurɓataccen salon ci, irin su ƙauracewa abinci da gangan don a rame ko yin amai bayan an ci, tana raguwa da kashi 35.

Dalilan wannan ba ɓoyayyu ba ne. Abincin da aka shirya domin mutane da yawa su zauna a kansa yakan fi wanda mutum ɗaya ya wawura don kashe yunwa tsari, kuma idan yaro ya san akwai lokacin ci da ba ya canzawa, ciye-ciyen tsakanin lokuta yakan ragu. Amma babban dalilin shi ne kwaikwayo. Ƙaramin yaro yana da ɗabi'ar tsoron abincin da bai saba da shi ba, kuma binciken da Leann Birch ta shafe shekaru tana yi a kan yadda yara suke koyon son abinci ya nuna cewa sau da yawa sai an yi ta maimaita gabatar masa da sabon abu kafin ya karɓe shi, wani lokaci har sau 10 ko fiye. Uwar da ta ba shi sau biyu ya ƙi, ta yanke hukuncin cewa ba ya so, ta yi gaggawa. A zaman cin abinci na iyali wannan maimaici yana faruwa da kansa ba tare da wani ya shirya shi ba, domin yaron yana ganin abin a gabansa yau, yana ganinsa gobe, yana kuma ganin babansa da yayarsa suna ci ba tare da yamutsa fuska ba, har wata rana ya kai hannu.

Akwai wani gwaji da ya cancanci a dakata a kansa, domin yana cikin 'yan kaɗan da ba su tsaya ga tambayar mutane abin da suke yi ba. A 2023 Mattea Dallacker da Ralph Hertwig na Cibiyar Max Planck da ke Berlin, tare da Jutta Mata ta Jami'ar Mannheim, suka gayyato iyaye 50, kowanne da ɗansa mai shekara 6 zuwa 11, suka ba su abincin dare sau biyu. A zama ɗaya an bar su da tsawon lokacin da suka saba, a ɗayan kuma an ƙara musu rabin wannan lokaci, wato kimanin minti 10. Ba a canza abincin ba, ba a kuma ce da yaran su ci wani abu ba, amma a zaman da ya fi tsawo sun ci 'ya'yan itatuwa da kayan lambu fiye da na ɗayan zaman da kimanin giram 100, alhali ba su ƙara cin burodi da nama ba. Abin da ya canza kawai shi ne an daɗe a zaune, abin yana kusa da hannu, kuma babu mai gaggawar tashi.

Sai dai a ganina ribar da ta fi ta jiki ɗorewa ita ce ta harshe, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. A ƙarshen shekarun 1980 Catherine Snow da abokan aikinta na sashen ilimi a Harvard suka fara bin wasu yara 'yan shekara 3 daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi a yankin Boston, suna naɗar maganganun da ake yi a gidajen lokacin wasa, lokacin karanta wa yaro littafi, da lokacin cin abinci, sannan suka ci gaba da auna yaran bayan sun shiga makaranta. Diane Beals, wadda ta zurfafa nazarin hirar lokacin cin abinci, ta gano cewa kalmomin da ba kasafai ƙaramin yaro yake jin su ba sun fi fitowa a wannan hira nesa ba kusa ba fiye da lokacin karatun littafi, kuma yaran da suka fi jin irin waɗannan kalmomi sun fi takwarorinsu yawan kalmomi daga baya, abin da yake taimaka musu wajen fahimtar karatu.

Hikimar abin tana cikin irin maganar da ake yi. Idan babba yana magana da ƙaramin yaro shi kaɗai, yakan sauko da harshensa, ya gajarta jimla, ya tsaya ga abin da ke gabansu: ɗauki wannan, ajiye wancan, zo nan. A wurin cin abinci kuwa manya suna magana da junansu a gaban yaron, suna ba da labarin abin da ya faru a wurin aiki, suna bayyana dalilin da ya sa aka fasa wata tafiya, suna muhawara kan wani labari da suka ji. Yaron yana jin yadda ake jera labari daga farko zuwa ƙarshe, yadda ake kawo dalili, yadda ake ƙin yarda da ra'ayin mutum ba tare da an zage shi ba. Idan ya ji kalmar da bai sani ba, ko dai ya tambaya a yi masa bayani, ko ya tsinci ma'anarta daga abin da ke kewaye da ita. Sannan idan aka juyo gare shi aka ce ya faɗi yadda yininsa ya kasance, an tilasta masa yin wani aiki mai wuya ga ƙwaƙwalwar yaro, wato ya bayyana abin da ba ya nan ga mutanen da ba su gan shi ba. Wannan shi ne ainihin abin da makaranta za ta nema daga gare shi a rubuce nan gaba, kuma ga shi yana koyonsa da baki a gaban mutanen da ba za su ba shi maki ba.

Daga wannan hira ne labarin zuri'a yake sauka zuwa ga yara. Marshall Duke da Robyn Fivush na Jami'ar Emory sun tsara tambayoyi 20 da suke yi wa yara, irin su ko sun san inda kakanninsu suka girma, ko sun san yadda iyayensu suka haɗu, ko sun san wata cuta ko masifa da ta taɓa faɗa wa danginsu. Sun ga cewa yaran da suka fi sanin amsoshin sun fi ganin kimar kansu kuma sun fi jin cewa suna da iko a kan al'amuransu. Duke da kansa ya yi gargaɗin cewa haddace wa yaro amsoshin ba zai yi wani amfani ba, domin sanin alama ce ta cewa an daɗe ana zama da shi ana ba shi labari. Yaron da ya ji cewa kakarsa ta taɓa rasa komai ta sake farawa, ko babansa ya taɓa faɗuwa jarrabawa ya sake zama, yana fahimtar cewa faɗuwa abu ne da mutanensa suka sani kuma suka tsallake, don haka tasa ba za ta zama ƙarshen duniya ba.

Idan aka zo kan matasa, alƙaluman sun fi ɗaukar hankali, kuma a nan ne aka fi yin ƙari. A 2004 Marla Eisenberg da Dianne Neumark-Sztainer na Jami'ar Minnesota suka wallafa nazarin ɗalibai 4,746, inda suka ga cewa gwargwadon yawan cin abinci da iyali, gwargwadon raguwar shan taba, barasa da tabar wiwi, da raguwar alamun ciwon damuwa da tunanin kashe kai, musamman a tsakanin 'yan mata. A 2014 Frank Elgar na Jami'ar McGill a Kanada ya jagoranci nazarin ɗalibai 18,834 masu shekara 12 zuwa 18 a Amurka, waɗanda kusan ɗaya cikin biyar daga cikinsu an ci zarafinsu ta intanet a cikin shekara guda kafin a yi musu tambayoyin. Cin zarafin yana tafiya da damuwa da shaye-shaye, amma illar ta fi sauƙi ga waɗanda suke yawan cin abincin dare da iyalinsu.

Ana iya fahimtar yadda hakan yake faruwa. Matashi ba ya zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar iyayensa ya ce yana da matsala, kuma idan aka kira shi musamman aka ce a zauna za a yi magana, ya riga ya kulle bakinsa tun kafin ya zauna. Zaman cin abinci yana da wata fa'ida da zaman nasiha ba shi da ita, wato akwai dalilin zama wanda ba shi ne yaron ba, hannuwa suna da aikin yi, kuma shiru ba ya zama abin tuhuma. A irin wannan yanayi ne magana take zubowa a gefe, a tsakiyar wata hira daban. Ko da bai ce komai ba, Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma iyayen da suke ganin fuskar ɗansu a lokaci ɗaya kowace rana su ne suke da ma'aunin da za su gane ranar da ta canza. Su ne za su lura cewa yarinyar da ta saba cinye rabonta ta koma juya cokali kawai, ko yaron da ya saba cika wuri da surutu ya kwana uku bai ce uffan ba, ko an daina ambaton sunan wani aboki da kullum yake bakinsa. Wanda yake ganin ɗansa jefi-jefi ba shi da abin da zai gwada yau da shi.

To, amma dole a tsaya a nan a yi adalci ga hujja. Kusan duk binciken da aka ambata a kan matasa yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne, kuma tafiya tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Gidan da ake samun damar zama tare kowane dare yawanci gida ne da iyaye suke da aiki mai tsayayyen lokaci, da abin da za a dafa, da zaman lafiya tsakanin ma'aurata, kuma kowanne daga cikin waɗannan shi kaɗai yana iya kare yaro. Haka nan abin yana iya tafiya ta baya, domin matashin da ya riga ya fara shaye-shaye shi ne zai fara guje wa zama kusa da iyayensa, ta yadda rashin zuwansa wurin cin abinci ya zama sakamakon matsalar maimakon sanadinta.

Masu bincike biyu, Kelly Musick ta Jami'ar Cornell da Ann Meier ta Jami'ar Minnesota, sun gwada wannan zato a 2012 da bayanan matasan Amurka kusan 18,000 da aka bi tsawon shekaru. Da farko sun ga alaƙar nan mai ƙarfi da kowa yake gani, amma da suka cire tasirin kyawun dangantaka tsakanin iyaye da 'ya'ya, da sa ido, da sauran abubuwan da ake yi tare, da ƙarfin arzikin gida, sai alaƙar ta ragu ƙwarai. Abin da ya fi tsayawa shi ne ɗan sauƙin alamun ciwon damuwa, kuma da suka bi matasan har suka girma ba su ga tasirin ya ɗore ba. A shekarar 2012 ɗin dai Daniel Miller, Jane Waldfogel da Wen-Jui Han suka duba bayanan yara kimanin 21,400 daga shekara 5 zuwa 15, suna kwatanta kowane yaro da kansa a lokutan da cin abinci tare ya ƙaru ko ya ragu a gidansu, kuma ba su ga wani canji na a-zo-a-gani a sakamakon karatu ko a ɗabi'a ba.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin rushewar batun gaba ɗaya, ni kuwa ban ga haka ba. Abin da waɗannan nazarce-nazarce suka rusa shi ne tunanin cewa ƙidayar darare ita ce maganin, kamar a ce dare biyar a mako yana hana shaye-shaye, dare biyu ba ya hanawa. Idan aka cire kusanci, sa ido da hira daga lissafi sannan aka ga cin abinci tare ya rage ƙarfi, abin da aka nuna shi ne cewa amfaninsa yana bi ta waɗannan hanyoyi ne. Kusanci ba ya rayuwa a iska, sai ya sami lokaci da wurin da zai riƙa faruwa, kuma a rayuwar da aiki, makaranta da zirga-zirga suka raba mutanen gida tun asuba, da wuya a sami wani lokaci da ya fi na abincin dare sauƙin tara su, domin yunwa tana dawowa kowace rana ko an shirya mata ko ba a shirya ba. Iyalin da suke da wata hanyar haɗuwa ta yau da kullum ba su yi asarar komai ba idan ba su ci tare ba. Matsalar ita ce gidaje da yawa idan suka saki wannan zama ba sa maye gurbinsa da komai.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce me ake yi a zaman. Dallacker, Hertwig da Mata sun tattara binciken da aka yi kan wannan a 2019, suka ga abubuwa 6 da suke tafiya da ingancin cin yara: kashe talabijin, iyaye su ci abin da suke so yaran su ci, ingancin abincin kansa, yanayi mai daɗi, sa yara cikin shirya abincin, da rashin gaggawar tashi. A lardin Quebec na Kanada, Marie-Josée Harbec da Linda Pagani na Jami'ar Montreal sun bi yara tun suna jarirai, suka ga cewa waɗanda yanayin cin abincin gidansu ya fi daɗi lokacin da suke shekara 6 sun fi ƙoshin lafiyar jiki kuma sun fi ƙarancin faɗa da taurin kai a shekara 10.

Yanayin nan shi ne abin da iyaye suke ɓatawa da kyakkyawar niyya. Da yake lokacin cin abinci ne kaɗai ake samun kowa a wuri guda, sai a mai da shi kotu, a ɗauko sakamakon jarrabawa, a tuno laifin jiya, a kwatanta wannan da ƙaninsa a gaban kowa. Yaron da ya san abin da yake jiransa ke nan zai koyi cin abinci da sauri kansa a sunkuye, kuma da zarar ya girma ya sami uzuri zai daina zuwa. Tsawatarwa tana da lokacinta, kuma ta fi tasiri idan an keɓe da yaron. Haka batun tilasta ci yake. Amy Galloway da Leann Birch da abokan aikinsu sun gwada wannan a 2006 da ƙananan yara, inda a wasu lokuta ake ta ce musu su cinye miyar da aka ba su, a wasu lokutan kuma a ƙyale su. Yaran sun fi ci idan ba a matsa musu ba, kuma sun fi kushe abincin idan an matsa. Ƙwararriyar masaniyar abinci Ellyn Satter ta daɗe tana ba da shawarar a raba aikin gida biyu, iyaye su zaɓi abin da za a ci da lokaci da wuri, yaro kuma ya zaɓi ko zai ci da yawan da zai ci daga abin da aka kawo. Wannan tsari yana da wuyar bi ga uwar da take ganin ɗanta bai ci isasshe ba, kuma damuwarta gaskiya ce, amma yana cire rigima daga wurin da ake son ya zama na natsuwa.

Batun waya ba ya buƙatar dogon bayani. Ryan Dwyer, Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn na Jami'ar British Columbia sun tura mutum fiye da 300 cin abinci da danginsu ko abokansu a wani gidan abinci, aka sa wasu su bar wayoyinsu a gabansu, wasu kuma su ajiye su. Waɗanda wayoyinsu suke a gabansu sun ce hankalinsu ya fi rabuwa kuma ba su ji daɗin zaman kamar sauran ba. Abin lura a gida shi ne dokar da aka ɗora wa yara kaɗai ba ta aiki, domin uban da yake amsa saƙo yana ce wa ɗansa ya ajiye tasa ya riga ya nuna masa wanne ne ya fi muhimmanci.

Ba yara kaɗai abin ya shafa ba. Rahoton Farin Ciki na Duniya na 2025 ya keɓe babi guda ga cin abinci tare, bisa tambayoyin da kamfanin Gallup ya yi a ƙasashe 142 a 2022 da 2023, kuma ya nuna cewa yawan cin abinci da wasu yana hasashen gamsuwar mutum da rayuwarsa kusan kamar yadda kuɗin shiga ko samun aiki suke yi, a kowane yanki na duniya kuma a kowane rukunin shekaru. Rahoton ya kuma nuna cewa a 2023 kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Amurka ya ce duk abincin da ya ci jiya shi kaɗai ya ci, ƙarin kashi 53 cikin ɗari a kan 2003. Muhimmancin wannan rahoto shi ne ya faɗaɗa batun har ya wuce Amurka da Turai, inda aka yi mafi yawan binciken da ya gabata. Ga ma'aurata, zaman yakan zama lokaci ɗaya tilo da suke magana a kan wani abu da ba saƙon gaggawa ba, ga tsofaffi kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa wanda yake ci shi kaɗai yakan rage ci har ya rame.

Akwai wani ɓangare da masu yabon wannan ɗabi'a suke tsallakewa, kuma tsallake shi zalunci ne. Abincin da iyali suka zauna a kansa wani ne ya yi tunanin abin da za a dafa, ya sayo, ya tsaya a kan wuta, kuma zai wanke kwanuka bayan an tashi, kuma a mafi yawan ƙasashen duniya wannan mutum mace ce, sau da yawa bayan ta yini a nata aikin. Sarah Bowen, Sinikka Elliott da Joslyn Brenton na Jami'ar Jihar North Carolina sun yi hira da iyaye mata 150, suka kuma shafe sa'o'i masu yawa a cikin wasu gidajen, suka bayyana a 2014 irin matsin da ke tattare da wannan buri: matan da jadawalin aikinsu yake canzawa kowane mako, waɗanda ba su da isasshen wurin girki, da waɗanda suke tsoron gwada sabon abinci domin idan yara suka ƙi ci babu kuɗin sake wani. Idan aka gaya wa irin wannan uwa cewa makomar 'ya'yanta ta rataya a kan abincin dare bakwai a mako, an ƙara mata nauyi ne da hujjar da ba ta kai haka ƙarfi ba. Macen da ta gaji har ba ta iya zama, wadda take kai da kawo tsakanin wuta da masu ci, ba ta cikin zaman ko da tana cikin ɗakin, kuma yaran suna koyon wani darasi daga ganin haka. Gidan da yake son ribar wannan zama sai ya raba wahalarsa, miji ya ɗauki wani ɓangare, yara maza da mata su ɗauki abin da ya dace da shekarunsu, tun da ma sa su cikin shirin yana daga abubuwan da aka ga suna gyara cinsu.

Ga waɗanda aikin dare ko doguwar hanya ta hana su haɗuwa da yamma, akwai wani sakamako da ya kamata su sani. A 2018 Dallacker da abokan aikinta sun tattara bincike 57 da suka ƙunshi mutum fiye da 200,000 daga ƙasashe daban-daban, suka tabbatar da alaƙar cin abinci tare da ingancin cin yara, ko da yake sun nuna cewa girmanta ƙarami ne. Sun kuma ga cewa alaƙar ba ta canza ba ko abincin na safe ne, na rana ko na dare, kuma ba ta canza ba ko dukan iyalin ne suka zauna ko kuwa ɗaya daga cikin iyayen ne kawai. Uwa ko uban da yake renon 'ya'yansa shi kaɗai bai fita daga lissafin ba, haka ma gidan da karin kumallo ne kaɗai yake tara su, ko wanda sai a ranakun hutu. Ma'aunin da Hammons da Fiese suka yi amfani da shi sau 3 ne a mako, kuma zaman da Fiese ta lura da shi a gidaje yawanci bai wuce minti 20 ba, wanda yake nufin kimanin sa'a guda a mako ga gidan da yake son farawa.